MAKARANTU NAWA NE SUKA SHIGA? Tambayar Da Ke Bayan Sakamakon Jarrabawar Ƙasa Ta Amurka

Daga Wakilinmu

A RANAR 24 ga watan Oktoba na shekarar 2022, Ma'aikatar Ilmi ta ƙasar Amurka ta bayyana sakamakon babbar jarrabawar nan da take auna ilmin yaran ƙasar da ita, wadda ake kira NAEP a taƙaice. Labarin bai yi daɗin ji ba. Matsakaicin makin 'yan aji 8 a fannin lissafi ya sauko daga 282 a shekarar 2019 zuwa 274, na 'yan aji 4 kuwa daga 241 zuwa 236, a bisa ma'aunin da ya tashi daga 0 zuwa 500. Ba a taɓa ganin faɗuwa irin wannan a lissafi ba tun da aka soma awon. Jaridu suka ɗauka, 'yan siyasa suka yi ta musayar zargi a kan wanda ya tsawaita rufe makarantu a lokacin annobar korona.

Amma wanda ya yi haƙuri ya bi jadawalin sakamakon layi bayan layi zai tarar da wani gurbi da babu adadi a cikinsa. A layin makarantu masu zaman kansu, inda ya kamata a ga maki, sai wata 'yar alama kawai, wadda ma'anarta ita ce ba a cika sharaɗin bayyana sakamako ba. Ba wai yaran waɗannan makarantu sun faɗi ba ne. Abin da ya faru shi ne, daga cikin makarantun da aka zaɓa, waɗanda suka yarda suka buɗe ƙofa ba su kai yawan da za a dogara da shi ba. Ga shi kuwa kusan yaro ɗaya daga cikin kowane goma na 'yan makarantar Amurka a irin waɗannan makarantu yake karatu.

JARRABAWAR DA BA TA BA DA TAKARDAR SHAIDA

Ya kamata tun farko mai karatu ya raba wannan jarrabawa da irin su WAEC da NECO da muka saba da su. A waɗannan, ɗalibi ne yake biyan kuɗi, ya zauna, ya karɓi sakamakonsa da sunansa. A NAEP kuwa babu yaron da ake gaya wa abin da ya ci, babu makarantar da ake ba sakamakonta, doka ma ta hana a bayyana shi. Hasali ma ba kowane yaro ne yake amsa dukkan tambayoyin ba. Ana rarraba su ne kashi-kashi, wannan ya amsa wani sashe, wancan ya amsa wani, sa'an nan masana ƙididdiga su harhaɗa su fitar da hoton jiha ko na ƙasa baki ɗaya. Ba kuma kowace makaranta ake zuwa ba. Ana zaɓen wasu ne ta hanyar ƙuri'a daga cikin jerin sunayen dukkan makarantu, bayan an kasa su bisa ga birni da ƙauye da irin al'ummar da ke cikinsu, kuma a cikin kowace makaranta a sake zaɓen wasu yara ta wannan hanya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin awon gyaɗa ya san hikimar da ke cikin wannan. Mai duba amfanin gona ba ya zazzage kowane buhu. Yakan soki wannan, ya tsallake biyar ya soki wancan, kuma abin da ya taru a tafin hannunsa ya ishe shi ya san darajar kayan. Amma fa da sharaɗi guda: shi ne zai zaɓi buhun da zai soka. Ranar da mai kaya ya tare gaba ya ce kada a taɓa waɗancan na kusurwa, to abin da ke hannun mai dubawa ya daina wakiltar tarin. Makarantar da ƙuri'a ta faɗa kanta ta ce ba ta shiga, ita ce buhun da aka hana sokawa.

TUN RAN GINI

Wannan matsala tare aka haife ta da jarrabawar. A farkon shekarun 1960, Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Francis Keppel, ya lura cewa dokar 1867 da ta kafa ofishinsa ta ɗora masa alhakin tattara bayani a kan halin da ilmi yake ciki a jihohi, amma abin da ofishin yake da shi bai wuce yawan azuzuwa da malamai da kuɗin da aka kashe ba. Babu wanda zai iya faɗin abin da yaran suka sani. Ya nemi taimakon masanin ilmi Ralph Tyler, gidauniyar Carnegie kuma ta ba da kuɗin share fage.

Shugabannin makarantu ba su yi maraba da abin ba. A tsarin Amurka ilmi hakkin jihohi ne, jihohin kuma sun sakar wa hukumomin gundumomi, waɗanda yawansu ya zarce 13,000, ragamar gudanar da makarantu. Suka ga kamar Gwamnatin Tarayya tana neman shigo musu ta bayan gida, yau awo, gobe manhaja. A shekarar 1967 shugabannin ƙungiyar manyan jami'an makarantu ta ƙasar suka shawarci 'ya'yan ƙungiyar da kada su ba da haɗin kai ga gwajin tambayoyin. Sai da aka yi sulhu kafin a iya soma jarrabawar a 1969, a fannonin kimiyya da rubutu da sanin hakkin ɗan ƙasa. Sulhun kuwa shi ne: shiga ganin dama ce, ba za a fitar da sakamakon jiha ko gunduma ba sai na manyan shiyyoyi huɗu na ƙasar, kuma aka damƙa aikin a hannun wata hukuma ta haɗin gwiwar jihohi maimakon ofishin tarayya. Watau an sayi yardar makarantu ne da alkawarin cewa babu wanda zai ji kunya.

Haka aka yi ta tafiya har shekara 20. Bayan rahoton 1983 da ya tayar da hankalin ƙasar a kan lalacewar ilmi, gwamnoni da kansu suka soma neman a ba su ma'aunin da za su gwada jihohinsu da na maƙwabta. Majalisar Dokoki ta amince a 1988, ta kuma kafa hukumar da za ta riƙa tsara manufofin jarrabawar. A 1990 aka yi gwajin farko na jiha-jiha a lissafin aji 8, jihohi 37 suka shiga don ra'ayin kansu.

Daga nan ne ƙididdigar shiga ta zama abin lura ƙwarai. Gwamna yana iya sa hannu, amma shugaban gunduma ko hedimasta yana iya cewa ba shi da lokaci. Aka kafa ƙa'ida cewa jihar da makarantunta da suka shiga ba su kai kashi 70 daga cikin 100 na waɗanda aka zaɓa tun farko ba, ba za a buga sakamakonta ba. Wadda ta haye 70 amma ba ta kai 85 ba, za a buga tare da alamar gargaɗi. Ba barazanar baka ba ce. A jarrabawar karatu ta 1994 jihohin Idaho da Michigan sun sha wahalar shiri, yaransu sun zauna sun rubuta, amma aka bar layinsu babu komai. A 1996 abin ya faɗa kan Nevada da New Hampshire da New Jersey a aji 8.

YADDA AKE LISSAFIN

Akwai wasu abubuwa a cikin wannan lissafi da ke saurin ruɗa wanda bai saba ba. Na ɗaya, ba kan makarantu ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya ba; kowace makaranta ana ba ta nauyi gwargwadon yawan ɗaliban da take wakilta, don haka ƙin shigar babbar makarantar birni ya fi yin ɓarna bisa ga na 'yar ƙaramar makarantar ƙauye.

Na biyu shi ne maganar maye gurbi. Tun lokacin zaɓe akan ajiye wa makaranta wata mai kama da ita wajen girma da wuri da irin yaran da ke ciki, domin in ta farko ta ƙi, a je wa ta biyun. Saboda haka adadi biyu ne ake fitarwa, na kafin maye gurbi da na bayansa, kuma na farkon shi ne masana suka fi bai wa muhimmanci. Dalili kuwa a fili yake. Makarantar da ta maye gurbi tana iya kama da wadda ta ƙi a komai, ban da abu guda: ita ta yarda. Wannan bambanci guda kuwa watakila shi ne ya tattara dukkan abin da ake son a gano, watau ko hedimasta yana da natsuwa da aikin malamansa, ko makarantar tana cikin rikici, ko malamai sun isa. Maye gurbi yana cika yawan yaran da ake bukata, amma ba ya dawo da buhun da aka hana sokawa.

Na uku, giɓin makarantu da na ɗalibai ninka juna suke yi. Alal misali, in kashi 80 na makarantu suka shiga, sa'an nan a cikinsu kashi 80 na yaran da aka zaɓa suka zo ranar jarrabawa, abin da aka samu a zahiri kashi 64 ne. Nan ne aji 12, watau ajin ƙarshe na sakandare, ya zama ƙarfen ƙafa. Matashi ɗan shekara 17 ko 18 da hankalinsa ya koma kan neman jami'a ko aiki, me zai zaunar da shi ga jarrabawar da ba za ta ƙara masa komai ba? A shekarar 2002 jimlar shiga a wannan aji ta faɗo zuwa kashi 55, har sai da hukumar jarrabawar ta naɗa kwamiti na musamman, wanda ya miƙa rahotonsa a 2004.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, tun da yaran da suka rubuta dubbai ne? Amurkawa suna da tarihin da ya amsa wannan. A zaɓen shugaban ƙasa na 1936 wata mujalla mai suna Literary Digest ta aika da takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10, aka maido mata da fiye da miliyan 2, ta kuma ba da tabbacin cewa Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Da aka kaɗa ƙuri'a Roosevelt ya cinye jihohi 46 daga cikin 48. George Gallup, da mutanen da ba su kai ko kusa da wannan yawa ba, ya faɗi wanda zai ci daidai. Masu bincike na baya sun nuna cewa babban ɓangare na kuskuren ya fito ne daga waɗanda suka ƙi maido da takarda, domin masu jin haushin Roosevelt sun fi ɗokin amsawa. Ba a yi shekara biyu ba mujallar ta mutu. Yawan waɗanda suka amsa ba ya maganin karkatar da waɗanda suka yi shiru suka jawo.

Ba kuma lalle ba ne a ce duk makarantar da ta ƙi shiga mai kaza a aljihu ce. Wata fitacciya ce da take ganin ba ta da abin da za ta ƙaru da shi, wata kuwa jarrabawar jiha ce ta cika mata jadawali. Wannan shi ya ƙara wahalar da lamarin, domin ba a san ɓangaren da ma'aunin ya rinjaya ba. Abin da cibiyar ƙididdigar ilmi ta ƙasar take yi, duk inda shiga ta gaza kashi 85, shi ne ta gwada makarantun da suka shiga da waɗanda suka ƙi ta fuskar abubuwan da ke rubuce a kundi, kamar girma da wuri da yawan 'ya'yan talakawa, sa'an nan ta gyara nauyin lissafi. Gyara ne mai amfani, amma iyakarsa abin da ke cikin kundi.

DA AKA ƊAURA TA DA KUƊI

Lallashi bai kawo ƙarshen matsalar ba, doka ce ta kawo. A ranar 8 ga watan Janairu na 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan sabuwar dokar ilmi wadda ta ce duk jihar da ke karɓar tallafin tarayya na makarantun 'ya'yan marasa galihu, wajibi ne ta shiga jarrabawar karatu da lissafi ta aji 4 da aji 8 duk bayan shekara biyu, haka kuma duk gundumar da ke cin wannan tallafi in ƙuri'a ta faɗa kan makarantunta. Kuɗin ba na wasa ba ne. A shekarar 2023 ya zarce dala miliyan dubu 18. Gwamnatin Tarayya ta kuma ɗauke wa jihohi nauyin gudanarwa, ta riƙa aiko da ma'aikatanta da kayan aikinsu. Daga 2003 dukkan jihohi 50 suka shiga, aka ɗaga sharaɗin buga sakamakon jiha zuwa kashi 85 kafin maye gurbi, shigar makarantun gwamnati a waɗannan azuzuwa biyu kuma ta koma kusan ɗari bisa ɗari. Dokar 2015 da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu ta sauya abubuwa da dama, amma ta bar wannan sharaɗi yadda yake.

Abin lura a nan, wanda a ganina shi ne hikimar tsarin, shi ne cewa shiga aka wajabta, ba cin jarrabawa ba. Jihar da yaranta suka yi rashin ƙoƙari ba a rage mata ko sisin kwabo. Da an ɗaura kuɗin a kan maki, da kowane hedimasta ya sami dalilin ɓoye raunanan ɗalibansa ranar jarrabawa. Ko a haka ma an sami 'yar ƙofar da wasu suka riƙa bi, watau cire yara masu naƙasa da waɗanda ba su ƙware a Turanci ba da hujjar cewa ba za su iya zama ba. Yawan waɗanda ake cirewa ya bambanta ƙwarai daga jiha zuwa jiha, har ya sa a 2010 hukumar ta kafa manufar cewa a shigar da aƙalla kashi 95 na yaran da aka zaɓa. Shi kansa yaro dai har yanzu ba a tilasta masa. Ana sanar da iyaye, kuma suna da ikon cewa a'a.

Inda hannun dokar bai kai ba, nan giɓin ya tsaya. Makarantu masu zaman kansu ba sa cikin wajabcin, kuma a zagayen 2015 da 2017 da 2019 da 2022 shigarsu ba ta kai kashi 70 ɗin da ake bukata ba a karatu da lissafi. Makarantun ɗariƙar Katolika ne kaɗai aka riƙa bayyana sakamakonsu, watakila domin suna da shugabanci na bai ɗaya da za a iya roƙo ta hannunsa. Wannan giɓi ya zo a mugun lokaci. Jihar Arizona a 2022 da jihar Florida a 2023 sun buɗe wa kowane iyali damar karɓar kuɗin gwamnati ya kai ɗansa makaranta mai zaman kanta. Masu goyon baya suna cewa can ilmi ya fi inganci, masu adawa suna cewa ba haka ba ne, ma'aunin ƙasa guda ɗaya da zai iya sa baki a gardamar kuwa layinsa babu adadi.

Ba Amurka kaɗai ke wannan fama ba. A jarrabawar PISA da ƙungiyar OECD take yi wa 'yan shekara 15 tun shekarar 2000, an fitar da Holan daga jerin gwada ƙasashe a zagayen farko, aka fitar da Birtaniya a 2003, duk saboda ƙarancin shiga. A zagayen 2022 sunayen Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostareliya da wasu ƙasashe sun fito da alamar gargaɗi saboda gaza cika wasu ƙa'idojin zaɓen samfur. Ingila kuwa, da za ta soma tata jarrabawar awo ta Turanci da lissafi a 2017, ba ta tsaya lallashi ba, sai ta wajabta wa makarantun gwamnati da aka zaɓa su shiga.

A NAN GIDA FA?

Nijeriya ma tana da irin wannan awo, ko da yake ba a cika jin labarinsa ba. A 1996 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, tare da UNICEF da UNESCO, ta gwada 'yan aji huɗu na firamare, inda matsakaicin maki ya tsaya wajen kashi 25 a karatu da rubutu, da wajen 32 a lissafi. Daga baya hukumar UBEC ta gudanar da nata zagayen na auna ilmin matakin farko. Jamhuriyar Nijar da Kamaru da Chadi kuma sun shiga jarrabawar PASEC ta ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2014 da 2019.

A wajenmu da wuya hedimastan makarantar gwamnati ya mayar da jami'in ma'aikata daga bakin ƙofa. Namu giɓin ta wata hanya yake shigowa. Akwai makarantar da ruwa ya yanke hanyarta da damina, akwai wadda ke cikin kundi amma in an je babu malami, akwai wadda tsoron 'yan bindiga ya rufe, kamar yadda Jihar Zamfara ta rufe dukkan makarantunta a watan Satumba na 2021 bayan sace ɗalibai a ƙaramar hukumar Maradun. In jami'in da aka tura ya kasa isa irin wannan makaranta ya sauya ta da wata ta bakin titi, rahotonsa zai nuna adadi cikakke, kuma makin da zai fito zai fi na gaskiya kyau ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Saboda haka ma'aikacin da rahoto irin wannan ya iso teburinsa, ko ɗalibin da zai kafa hujja da shi a kundin bincikensa, ya dace ya soma buɗe shafukan baya, ya nemi yawan makarantun da aka zaɓa, da yawan waɗanda aka isa, da yawan waɗanda aka sauya, da kuma yankin da suke.

Sa'an nan akwai waɗanda ko cikin jerin da ake zaɓe daga gare shi ba su shiga ba: makarantu masu zaman kansu da ba su yi rajista ba, da makarantun allo, da miliyoyin yaran da ba sa zuwa kowace makarantar boko. Su ba a lissafa su cikin waɗanda suka ƙi shiga, domin ba a gayyace su ba tun farko. Waɗanda suka tsara jarrabawar Amurka sun hango wannan a 1969. A shekarun farko ma'aikatansu sun riƙa bin gida-gida suna neman 'yan shekara 17 da suka bar makaranta, har da manya 'yan shekara 26 zuwa 35, suna gwada su a ɗakunansu. Aikin ya yi tsada, bayan wasu shekaru aka daina, aka koma ga waɗanda ke cikin aji kawai.